An ba ni takardar tsafta a kan dattin da ba ni na zuba ba: wa ke da alhaki?

Uwargida, Mamobi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, ina neman wanda ya san doka, ko wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki, ya yi mini bayani, domin al'amarin ya fara hana ni barci.

Ina zaune a Mamobi, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, a gidan da surukina ya bari, wanda har yau ba a raba gadonsa ba. Ɗaki goma sha ɗaya ne, bakwai na 'yan haya, huɗu na dangi, kuma tun da maigidana ya rasu ni ce babba a cikin gidan, saboda sauran magadan wasu suna Kumasi, wasu suna Tamale, ɗaya kuma yana Jamus. Ni nake karɓar kuɗin haya in aika musu, ba na riƙe ko sisi sai abin da suka yanka mini.

A makon jiya jami'an tsafta, waɗanda muke kira tankas, suka shigo lungunmu, suka rubuta takarda da sunana, suka ba ni kwana bakwai in gyara, in ba haka ba sammaci zai biyo baya. Abu na farko da suka nuna shi ne kwatar ƙofar gidanmu, wadda ta cushe da leda da yashi. Gidanmu a gangare yake, kuma kowa a lungun ya san cewa da an fara yayyafi mutanen sama suke juye bolarsu a cikin kwata, ruwa ya kawo mana. Suka kuma nuna ruwan da ya kwanta a jikin katangarmu ta gabas, alhali daga banɗakin maƙwabcinmu yake fitowa, har ya ci gindin katangar, siminti yana zuba. Na yi masa magana sau uku cikin ladabi, kullum amsarsa ita ce tun zamanin mahaifinsa ta nan ruwan yake bi. Sannan akwai kangon da ke bayanmu, wanda mai shi ya kai gini linta ya tafi ƙasar waje shekara da shekaru, yanzu ya zama juji, ɓeraye da sauro duk daga can suke. Ba zan ɓoye ba, ina zargin biyu daga cikin 'yan hayarmu suna cikin masu zubawa da dare, amma ban kama kowa ba.

Tambayata ita ce, a cikin waɗannan wanne ne nawa a doka, wanne ne na maƙwabci, wanne ne na 'yan haya ko na magada, wanne ne kuma na hukuma? Kuma idan katangar ta faɗi, wa zai biya?

Tsohon jami'in tsafta, Madina Zango

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma takarda irin wadda ke hannunki na rubuta ta ba adadi, saboda haka bari in fara da kwantar miki da hankali: wannan takardar gargaɗi ce, ba a kai ga kotu ba tukuna. Abin da ke kai mutane gaban alƙali galibi shi ne su jefa ta ƙarƙashin katifa su yi shiru har wa'adi ya cika.

Idan jami'i ya tarar da ƙazanta, tambayar farko da aka koya masa ita ce wa ya jawo ta. In ya samu mai laifin, shi zai rubuta. In bai same shi ba, sai ya koma kan wanda ƙazantar take cikin harabarsa ko a ƙofarsa, mai gida ne ko mazauni. A gidan gado irin naku, inda masu gida suke da yawa amma babu ko ɗaya a kusa, wanda ke zaune a ciki yana karɓar haya shi ake ɗauka wakilinsu, kuma ta wannan ƙofa sunanki ya shiga takarda. Ikon yin haka ya samo asali ne daga Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, da Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, wadda ta ba kowace majalisar gunduma damar kafa ƙananan dokokinta na tsafta. Zubar da shara a kan titi kuwa laifi ne tun a Dokar Laifuffuka ta 1960, sashe na 296. Ki kuma lura cewa tun 2018 Mamobi tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Arewa, Nima kuma tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, domin har yanzu akwai dattawan da ke ɗaukar ƙafa su tafi tsakiyar Akra da ƙorafinsu, a mayar da su gida.

Maganar kwata ba za ta yi miki daɗi ba. Ƙaramar kwatar da ta bi ta ƙofar gida, share ta da yashe ta yana kan mutanen gidan, ko da ruwa ne ya kawo dattin daga sama. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, kuma ita aka sake ƙarfafawa a farkon 2022, lokacin da Henry Quartey yake ministan yankin Akra, aka fito da shirin da ya wajabta wa kowane gida da shago tsaftace gabansa. Na san akwai ɗaci a ciki, domin na gangare yana kwashe abin da na tudu ya zubar, amma dalilin dokar shi ne ledar da ke cikin kwata ba ta ɗauke da sunan kowa, kuma in aka ce sai an gano mai ita kafin a kwashe, damina za ta zo ta wuce ba a taɓa ba. Wanda aka kama yana juye bola a kwata laifinsa dabam ne kuma ya fi naki nauyi, sai dai kamun yana bukatar shaida. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, wadda kowa ke kira gota, wannan ta fi ƙarfin kowane gida, aikin gwamnati ne da injinanta, haka ma gyaran kwatar da ta rushe ko kwalbatin da ya karye a bakin titi. Amma abin da ya bar ƙofarki can yake tafiya, daga gota ya faɗa kogin Odaw, daga Odaw ya shiga tafkin Korle. Waɗanda suka ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, sun san inda toshewar magudanai take kai gari.

Ruwan banɗaki kuwa na maƙwabcinki ne ɗungurungum, kuma a nan nake ganin ya kamata ki tsaya da ƙafarki. Ruwan wanka da na wanki da ya fito daga gida, mai gidan ne zai sama masa hanya, ko dai ya haƙa sokawe a cikin filinsa, ko ya ja bututu ya kai shi kwata. Cewa tun zamanin mahaifinsa ta nan ruwan yake bi ba ta wanke shi a wurin jami'in tsafta ba, domin ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro a yau, ba a zamanin mahaifinsa ba. Mai yiwuwa jami'an sun ga ruwa a jikin katangarki ne suka ɗauka daga gidanki yake. Kada ki jira su dawo. Ki ɗauki hoton inda ruwan yake fitowa, ki je sashen lafiyar muhalli na majalisarku da takardar a hannu, ki nemi a zo a sake dubawa, ki kuma roƙi a rubuta ƙorafinki a littafi da kwanan wata. In sun tabbatar, shi za a rubuta wa takarda.

Ɓarnar katanga ba ta cikin hurumin jami'in tsafta. Shi iyakarsa ya sa a tsayar da ruwan, ba ya yanke diyya. Kuɗin gyara magana ce tsakaninku da maƙwabci, ko dai a yi sulhu, ko a je kotun gunduma, kuma a can za a tambaye ki shaidar cewa kin sanar da shi bai gyara ba. Magana uku da kika yi masa da baki, in babu wanda ya ji, kamar ba a yi ba ne.

Kango na mai shi ne, ko yana Amurka ko yana Makka, kuma wanda ya bar fili a buɗe ya zama juji ana iya rubuta masa takarda ta hannun danginsa ko wakilinsa. Ba ki da alhakin kwashe shi. Sai dai in har aka kama 'yan hayarki suna zubawa, za a tambaye ki ina kwandon sharar gidanku yake, kuma wa ke kwashe muku.

Ɗan haya, Aboabo, Kumasi

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya wadatar ta fuskar doka, amma ina neman izini in faɗi abin da ake gani daga ɗakin haya, domin a irin wannan zance mu ne kullum ake nunawa da yatsa.

Inna ta ce tana zargin 'yan hayarta, kuma mai yiwuwa zarginta gaskiya ne. Abin tambaya shi ne me ya sa mutum mai hankali zai ɗauki ledar shara da tsakar dare ya yi sanɗa zuwa kango. Na zauna a gidaje uku a nan Aboabo da Asawase, kuma a biyu daga ciki babu kwandon shara ko ɗaya, babu masai, ga ɗakuna sun haura goma, har wurin da aka bari don banɗaki an mayar da shi ɗaki an sa ɗan haya. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma wanene a cikinmu bai biya na shekara biyu ba kafin a ba shi mabuɗi? Mai gidan da ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ya kasa sayen durom ɗaya na shara, ban ga bakin da zai zargi ɗan haya da shi ba. Ba da Inna nake ba, tun da ta ce ita aikawa kawai take yi, da magadan da ke karɓa daga nesa nake.

Sannan hukuma ma tana da nata kason, wanda na ga Baba ya wuce shi da sauri. Muna biya a duk lokacin da muka kai shara babban kwandon unguwa, amma sai ya cika ya tumbatsa ya yi kwanaki motar kamfanin da aka ba kwangila ba ta zo ba, har shara ta rufe hanya. Lungunanmu mota ba ta shiga, sai 'yan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da masu kaya-bola, masu bin gida-gida suna kwashe shara a biya su, kuma a cikinsu akwai na kirki, akwai kuma wanda zai karɓi kuɗinka ya zagaya baya ya juye a rafin Aboabo maimakon ya kai inda za a wuce da ita jujin Oti. Matar da ta biya kuɗinta aka kwashe, sannan ruwa ya dawo mata da sharar ƙofar ɗaki, da wuya ka sake shawo kanta ta biya. Idan za a ci tarar talaka don kwatarsa ta cushe, adalci shi ne a sami wanda zai amsa tambaya ranar da kwandon unguwa ya kwana bakwai a cike.

Shawarata ga Inna ita ce ta tara 'yan hayar, ta ajiye durom mai murfi, a yi yarjejeniya da mai aboboya guda wanda aka san gidansu, a raba kuɗin bisa yawan mutanen kowane ɗaki, domin gwauro ba zai yarda ya biya daidai da mai 'ya'ya shida ba. Bayan an yi haka, wanda aka kama a kango ba shi da uzuri, kuma dokar hayar nan da na ambata ta ba mai gida damar neman kotu ta fitar da ɗan hayar da ya zama fitina ga maƙwabta.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango

Hajiya, abin da masana aiki suka faɗa ba zan ƙara a kansa ba, sai a kan maƙwabcin nan, domin ina jin tsoron a kai shi ofis kafin a kai shi zaure. Ke da shi katanga ɗaya ta raba ku, kuma jami'in da zai rubuta masa takarda zai koma gidansa ya bar ku kuna haɗuwa a bakin famfo kowace safiya.

A shari'a hujjarsa ba ta da ƙafa. Ƙa'idar da malamai suka gina hukuncin maƙwabtaka a kanta ita ce hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a kanta, sun yi dogon bayani a kan magudanar ruwa da hayaƙi da wari da duk abin da ke raunana bangon maƙwabci. Gaskiya ne suna duba daɗewar abu a wasu mas'aloli, amma ruwan da ke cin gindin katanga cutarsa ƙaruwa take yi kowace shekara, kuma magadan da ba sa nan, da marayun da ke cikin gidan, ba su yafe haƙƙinsu ba. Wanda ya san kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce, ya san matsayin mai zuba ta.

Abin da nake ba da shawara shi ne ki sami limamin masallacin da yake salla, da dattijo ɗaya daga danginsa, da asambuliman, wato wakilin yankinku a majalisa, su zo su tsaya a jikin katangar su gani da idonsu. In abin ya gagara, a kai gaban sarkin unguwa. A kira magini ya faɗi kuɗin bututu da na gyaran katanga a gaban kowa, a rubuta abin da aka amince da ranar da za a gama, kowa ya sa hannu. Sulhu irin wannan ba wasa ba ne a dokar Gana, domin Dokar Sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sasancin gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda da kansu a yi musu. Kuma ko ya ƙi zuwa, kin sami shaidun da Alhaji, tsohon jami'in tsafta, ya ce kina bukata.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba a maganar ɗana na Kumasi shi ne yadda ta nemi zama uzuri. Rashin kwando laifin mai gida ne, na amince, amma hannun da ya ɗauki leda ya jefa a kangon wani hannun mai shi ne, kuma yaran da zazzaɓi zai kama ba su san wa ya karɓi kuɗin shekara biyu ba.

Uwargida, Mamobi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗana na Aboabo, maganarka ta taɓa ni, domin gaskiya durom ɗinmu ya huje tun bara ban sake saye ba, ina jiran magada su amince a cire daga kuɗin haya. Masai kuwa muna da guda ɗaya, Alhamdu lillahi. Jiya da yamma samarin gidan sun yashe kwatar, sai dai yanzu ga tulin baƙin yashi a bakin hanya, ban san wanda zai kwashe shi ba. Malam, na yi magana da liman, ya ce bayan sallar Juma'a za su zo.

Sauran tambayata ga Alhaji ita ce: idan duk da haka aka kai ga tara, daga aljihuna za ta fito ko daga na magada? Kuma mai kangon, danginsa sun ce ba su da lambarsa, alhali ana ganinsu suna karɓar saƙo daga wurinsa.

Tsohon jami'in tsafta, Madina Zango

Hajiya, ki fara da yashin nan tun yau. Wanda ya yashe kwata shi ne zai kwashe abin da ya fito, kuma barinsa a bakin hanya shi ne kuskuren da ya fi yawa a unguwanninmu: ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, jami'i kuma in ya tarar da shi zai ɗauke shi sabon laifi. Ki bar shi ya tsane kwana ɗaya, a zuba a buhuna, mai aboboya ya ɗauka. Ko a lokacin da aka kafa Ranar Tsafta ta Ƙasa a Nuwamban 2014, bayan annobar amai da gudawa da ta kashe mutum fiye da 200 a shekarar, aka ce kowa ya fito Asabar ta farkon wata, abin da ya riƙa karya gwiwar masu aikin gayya shi ne a tara datti a bakin titi a rasa motar ɗauka. A nan na yarda da ɗana na Kumasi, kuma da ina cikin aiki na sha jin kunyar rubuta takarda a lungun da kwandonsa ya fi ƙofar kowa ƙazanta. Wurin kai wannan kuka shi ne asambuliman da kwamitin unguwa, a rubuce, da sa hannun gidaje da yawa, domin majalisa ce ta ba kamfani kwangila kuma ita ce za ta iya matsa masa.

Game da tara, kotu sunan da ke kan sammaci take kira, kuma mai sunan ne zai biya a ranar. Tsakaninki da magada kuwa, kuɗin durom da na yashe kwata da na gyaran masai duk hidimar gida ce, daga kuɗin haya ya kamata su fito kafin a raba. Ki aika musu hoton takardar yau, ki gaya musu a rubuce cewa daga wannan wata za ki riƙa cire kuɗin tsafta kina ajiye rasit, kuma wanda bai yarda ba ya zo ya karɓi wakilcin, sunansa ya hau takarda ta gaba. A sanina ba a cika samun mai son karɓa ba.

Mai kango kuma ba aikinki ba ne ki nemo shi. Ki ba jami'an sunansa da gidan danginsa, su za su kai takarda can ko su liƙa ta a jikin ginin, kuma majalisa tana da rajistar masu biyan harajin gidaje da za ta iya dubawa. Abin da zan hana ki shi ne ki sa a toshe ƙofar kangon da bulo ko a cinna wa jujin wuta, ko da maƙwabta sun zuga ki, domin na farko shiga filin wani ne ba da izini ba, na biyu kuma laifin tsafta ne da za a rubuta da sunanki. Idan danginsa sun ba da izini a gaban liman ranar Juma'a, a kafe ƙofar da kwano, a rubuta cewa su suka yarda. Ki tafi ofis kafin kwana bakwai ɗin su cika, ki riƙe takardar da hotunan da rasit ɗin mai aboboya.